Sikelin Cindo a Fada

An yi wani sarki a Tudun Lalle, sunansa Jatau, ba ya cin komai sai shinkafar waje. Wata rana ya kira Cindo, mai awon kaya a ƙofar gari.

Sarki ya ce, "Na ji jakuna na shigowa niƙi-niƙi da kaya, su fita wayam. Nan da Juma'a ina son abin da ya fita ya kai nauyin abin da ya shigo. Kada ka hana shigo da komai, kada ka taɓa rumbun kowa. In ka kasa, ka bar garin nan."

Ran Juma'a sai ga Cindo a fada da sikeli da jakuna huɗu.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, shinkafa buhu arba'in da ta shigo bana, ina aka kai ta?"

"Gidana."

"Sukarin da ya shigo fa?"

"Shi ma."

"Da saura?"

Sarki ya shafa tumbinsa. "Ko ƙwaya."

"Alhamdulillahi, ashe kayan wuri ɗaya suka taru. Sai a daure a hau sikeli. Fatake na jira a ƙofa."

"Kai, ni za ka fitar?"

"Ranka ya daɗe, ni ko an kore ni, ban kai rabin buhun gero ba. Giɓin na nan."

Sarki ya dubi sikelin, ya dubi jakunan, waɗanda tuni ƙafafunsu suka fara rawa.

Ya ce, "Koma ƙofarka. A aika cikin gida, yau tuwon dawa nake marmari."