Haƙorin da Gaspare Ya Ƙara

Akwai wani makanike mai suna Gaspare a wani gari kusa da Brescia a ƙasar Italiya, zamanin da mota ba ta daɗe da fitowa ba. Shi yake gyara motar tsere, mijin ƙanwarsa Tullio yake tuƙawa.

Gaspare ya gano cewa idan bawul ɗin shan mai ya ɗan yi jinkirin rufewa, injin yakan ƙara ƙarfi in gudu ya yi gudu. Sai ya matsar da giya mai haƙora da ke juya bawul, ya gusa ta da haƙori ɗaya. Tullio ya ci tseren garinsu, tun daga nan Gaspare ya daina jin maganar kowa.

Da babban tsere ya matso, ya ce zai ƙara wani haƙorin, ya kuwa ƙara.

Tullio ya gwada motar, ya dawo ya ce, "Yaya, in na taka ta sosai ina jin ƙarfe yana taɓa ƙarfe."

Gaspare ya yi dariya. "Gwiwoyinka ne ke haɗuwa don tsoro. Kai dai riƙe sitiyari, ka bar min injina."

Ranar tsere, a gangaren dutse, fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka cikin injin, ya daki bawul ɗin da bai rufe da wuri ba. Injin ya cije, tayoyin baya suka tsaya cak, motar ta wuntsila cikin gonar inabi.

Gaspare ya isa wurin da gudu, ya tarar mota ta danne ƙafar Tullio. Ya sa kafaɗa ya tura, ko motsi ba ta yi ba. Ya fita hanya yana ɗaga hannu, motocin tsere suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ya durƙusa gaban wani manomi mai amalanken shanu.

"Baba, don Allah. Ƙanina ne, jininsa yana ƙarewa."

Shanu ne suka ja motar, su ne kuma suka kai Tullio asibiti, taku ɗaiɗai. Gaspare ya ɗaure cinyar da bel ɗinsa, yana ta kiran sunansa don kada ya rufe ido.

Tullio ya rayu, amma likita ya yanke ƙafar.

A ƙofar asibiti Nerina, matar Tullio, ta dubi wanta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ya faɗa maka, Yaya. A gabana ya faɗa maka."

Da aka bar shi ya shiga, Gaspare ya tsaya bakin gado, ya kasa ɗaga kai. Tullio ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Zauna. Yarana suna bukatar wanda zai ciyar da su, ba mai kuka ba."

Gaspare bai sake taɓa motar tsere ba. Injin ban-ruwa da motocin madara ya koma gyarawa, da su ya riƙe gida biyu har ya tsufa.

Darasi: Nasara ɗaya ba ta mai da kai wanda ba ya kuskure. Idan wanda ya sa ransa a hannunka ya ce akwai matsala, ka tsaya ka saurara. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu sana'ar da rayukan mutane ke hannunsu.