Ranar Da Idaniya Ta Kau Da Kai

Dalilin da ya sa kowane ido yake da wani ɗan wuri da ba ya gani, ba ciwo ba ne, ba kuma tsufa ba. Wata mai tsegumi ce ta jawo, irin mutanen nan da ba su taɓa kama wa kowa kaya ba, amma ranar rabuwa su ne a gaba, suna leƙen fuskar mutum ko za su sami abin kaiwa gaba. Ta cuci uwa da 'yarta, ta dawo ta cuci kanta, kuma har gobe ba ta ce a yafe mata ba. Ku gyara zama, yara. Mai wasa da takalmi ya ajiye.

A zamanin da, babu hanya tsakanin ido da Ƙwaƙwalwa. Ita Ƙwaƙwalwa tsohuwa ce, Iya kowa ke ce mata. Tana zaune can cikin ƙoƙon kai, ɗakin ƙashi marar taga, kuma tun da aka halicce ta ba ta taɓa ganin haske ba. Duk da haka ita ke da umarni. Hannu ba ya ɗagawa, ƙafa ba ta takawa, sai ta ce. Abin da ido ya gani sai ya faɗa wa Kunne, Kunne ya shiga ya faɗa wa Iya, sannan Iya ta aika wa hannu ko ƙafa. Shi ya sa mutanen lokacin komai a hankali suke yi, kamar masu tafiya cikin ƙaya.

To, a fuskar wani mahauci mai suna Jatau akwai 'yan'uwa biyu. Idaniya ce babba, tana dama. Ƙanwarta, wadda ake ce wa Ƙarama, tana hagu. Hanci ya tsaya a tsakaninsu kamar katanga, ko Ƙarama ta yi ɗage, iyakacinta ta hango bakin ƙofar yayarta. Ɗakin Idaniya kuwa abin kallo ne. Ƙofa 'yar ƙarama ce, baƙa, a gaba. Bangon baya jere ne na tasoshi, sun rufe shi kaf, ko wurin soka allura babu. Haske ya shigo ta ƙofa ya faɗa kan tasa, sai abin da ke waje ya fito ras a jikinta. Da haka take gani, kuma a lokacin babu abin da ke wuce ta.

Sai abu ɗaya: 'yarta ta fari, Jijiya.

Kun san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa a gaban mutane. Idaniya ta ɗauki abin ta kai shi inda babu wanda ya aike ta. Ko su biyu ne a ɗaki, ba ta kallon yarinyar. Matar da ta san yawan ƙudajen da ke kan teburin Jatau ba ta san kamannin 'yar da ta haifa ba. Takunta ta sani, da tarinta, da ƙarar tsumma in tana goge tasoshi a bayanta. "Ke 'yar nan," haka take kiranta. Jijiya kuma ta tashi tana ce mata Yaya, yadda ta ji Ƙarama na faɗa. Ga shi sana'ar maigidan ta zame mata jarrabawa, don kullum sai an yi zancen jijiya a gaban teburin nama. Ita dai in zancen ya kama dole, sai ta ce "mai taurin nan."

Wata ranar kasuwa da hantsi, Jatau ya danne cinyar sa da hannun hagu, ya ɗaga adda da na dama. Idaniya ta ga yatsunsa biyu sun zame, sun kwanta daidai kan farar jijiyar da zai sara.

Ta ce, "Kunne, maza ka ce wa Iya ta janye hannu. Yatsa na kan... na kan abin nan."

Kunne ya ce, "Wane abu? Ƙashi?"

"A'a, mai taurin nan."

"Ganda?"

"Mai sunan 'yar nan, Kunne, mai sunan 'yar nan."

"Wace 'yar? Baiwar Allah, unguwar nan cike take da 'ya'ya."

Adda ta sauka. Yatsu biyu suka faɗi cikin tarkacen nama.

Bayan azahar Kunne ya fito daga wurin Iya da saƙo, ya tsaya a ƙofar Idaniya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce Iya ta ce ta gaji da labarin da ke biyowa ta bakin wani. A huda bangon bayan ɗakin Idaniya, a yi hanya ɗoɗar har ɗakinta. Wani ya shiga ya kwanta a ciki, kansa a wurin Iya, ƙafarsa a nan, duk abin da ya faɗa kan tasa ya miƙa shi nan take, ba sai an yi magana ba. Amma wanda ya shiga ya shiga ke nan, don ƙashi zai haɗe a kansa. In ba a sami mai shiga ba, a sauke wa Idaniya labulen ƙofarta har abada, Ƙarama ta ci gaba da aikin ita kaɗai.

Idaniya ta san laifinta ne. Sai ta ji ƙarar tsumman nan ta tsaya a bayanta.

Jijiya ta ce, "Baba Kunne, ka ce wa Iya an samu."

Kunne ya ce, "Yarinya, kin ji ƙarshen maganar kuwa? Ba a dawowa."

"Na ji. Sunana ne ya maƙale mata a wuya. In na zama hanyar, ba sai ta sake faɗin komai ba."

Idaniya ta so ta ce a'a. Ta so ta ce a sauke labulen, a ɗinke shi ma in an ga dama. Amma uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane, wai kada a ce ta nuna so. Ta haɗiye maganar.

Washegari da safe ita da kanta ta cire tasa ɗaya daga jeren, ta ɓangaren Hanci, aka huda bangon. Ta koma bakin ƙofa ta zauna, ta ba ramin baya. Kunne na tsaye. Ƙarama ta yi ɗage ta saman Hanci, tana hangen yayarta.

Jijiya ta durƙusa a bakin ramin. Ta ce, "Yaya, zan shiga."

Idaniya ta ce wa ƙofa, "Allah ya kiyaye hanya."

Sai yarinyar ta ce, "Inna."

Tun da ta iya magana ba ta taɓa kiranta haka ba.

"Inna, ki dube ni sau ɗaya. Ba zan faɗa wa kowa ba. Don dai in wata rana an tambaye ki yadda 'yarki take, ki sami abin faɗa."

Wuyan Idaniya ya fara juyawa. Wallahi ya fara. Saura kaɗan gefen ganinta ya kai kan yarinyar, sai dariya ta tsallako katanga.

Ƙarama ta ce, "Ikon Allah, yau za mu ga sabon yayi. Juya mana, Yaya, ki ƙare mata kallo. In ma goyo ne ga zani in ara miki. Shekara nawa ana yabon kunyarki a unguwar nan, ashe jira kike a taru."

Idaniya ta tsaya cak. Ta mayar da fuskarta ga ƙofa. Ta ce, "Wa ya ce miki kallonta zan yi? Ƙuda nake kora." Sannan, don ta ƙara wanke kanta, ta ce, "Ke 'yar nan, kada ki ɓata wa mutane lokaci."

Jijiya ta ce, "To, Yaya."

Ta sa kai cikin ramin. Idaniya na jin jan jikinta a cikin duhu, yana nisa, yana nisa. Hanyar ta fi ta tsawo, sai da ta miƙe ta sirance kamar igiyar guga kafin kanta ya isa ɗakin Iya. Ƙashi ya haɗe. Abin da ya rage a ɗakin uwarta tafin ƙafarta ne kawai, a bakin ramin.

Nan take aiki ya kama. Ƙuda ya taso wa Jatau, kafin ya iso an kaɗe shi. Kunne ya tafi yana sa albarka, Ƙarama ta koma harkarta.

Sai da kowa ya watse Idaniya ta juya gaba ɗaya. Ta ce, "Jijiya." Sunan ya fito mata baƙo a baki, kamar na wani gari. Ta sake faɗa da ƙarfi. Ta dubi gurbin da ta cire tasa, ba ta ga komai ba. Ba duhu ba, ba haske ba, babu kawai. Ai da tasa take gani, kuma wurin nan ba tasa. Ta lalluba da hannu, ta taɓa tafin ƙafa mai ɗumi, da ɗan kaushi a diddige. Kunnen yarinyar kuwa yana can wani ɗaki.

Ta yi kuka har ruwa ya lulluɓe tasoshin duka.

Da la'asar Kunne ya dawo. Ya ce, "Iya ta tambaya me ya sa duniya ke iso mata a jiƙe. 'Yarki ta ce, Inna ce, ku ƙyale ta."

Idaniya ta kama shi. "Kunne, don Allah, yaya kamanninta? Fara ce ko baƙa? Tana da wushirya?"

Ya ce, "Ni ji nake yi, ba na gani. Muryarta dai irin taki ce."

"Iya fa?"

"Iya makauniya ce, kin sani."

Ta ɗaga murya ta tambayi Ƙarama. Ƙarama ta ce ita ina za ta sani, iyakacinta bakin ƙofa. A nan Idaniya ta gane cewa duk faɗin jikin nan mutum ɗaya ne aka ba ikon ganin fuskar Jijiya, kuma ita ce.

Iya ta aiko a mayar da tasar a rufe gurbin, don Jatau na ƙorafin yana ganin rami a cikin duniya. Idaniya ta ce, "In kife tasa a kan ƙafar 'yata? Ku ce mata ta sauke labulen." Da Iya ta ga ba za ta tanƙwaru ba, sai ta koma yin faci da kanta. In labari ya iso mata da huda, sai ta ɗebi launin da ke gefe ta shafe wurin. In bango ne ta cike da bango, in sama ce ta cike da shuɗi. Jatau bai sake ganin ramin ba.

Ba a yi kwana bakwai ba Iya ta ce hanyar ta yi kyau, a yi irinta a hagu. Ƙarama ma tana da 'yar fari. Ranar da tata ta durƙusa a bakin rami ta ce, "Inna, dube ni," babu wanda ya yi dariya. Idaniya ko tari ba ta yi ba. Amma maganar da Ƙarama ta faɗa da bakinta tana nan tsaye a ƙofa, kowa na tune da ita. Ta kasa juyawa. Tata ma haka ta tafi.

Shi ya sa har yau bayan kowane ido akwai jijiya kwance cikin duhu, tana kai wa ƙwaƙwalwa duk abin da aka gani, kuma daidai inda ƙafarta take, ido ba ya ganin komai. Ba ku lura ba ne don tsohuwar na yi muku faci. Na ga wasu na murmushi. To, miƙa hannuwanka biyu gaba, ka ɗaga manyan yatsu a jere. Rufe idon hagu. Kafa na dama a kan babban yatsan hagu, kada ka motsa shi, ka riƙa jan hannun dama zuwa dama a hankali. Kafin ka yi tazarar tsawon tafin hannu, kan yatsan zai ɓace, bango ya maye gurbinsa. Nan ne ta durƙusa. Wanda yatsansa bai ɓace ba, ya taso ya ce ƙarya na yi.