Tambayar da Aka Yi a Gaban Suruki

Akwai wata mata a Mayahi ana ce mata Rahma. Bayan ta gama karatu a Maraɗi ta dawo gida, ta buɗe gidan renon yara kusa da kasuwa, irin wanda 'yan boko ke ce wa garderi. Malamai mata da ma'aikata ke kawo mata 'ya'yansu kullum. Ranar kasuwa kuwa har matan ƙauye da na ruga sukan bar mata nasu, su je su ci kasuwa su dawo.

Ɗaki biyu ne da rumfa. Ɗaya na masu tafiya da ƙafarsu, ɗaya na jarirai. A ɗakin jariran nan take kwantar da ɗiyarta Aminatu, 'yar wata bakwai.

Wata bazara ƙyanda ta shigo, wadda a nan muke ce wa dussa. Aka fara jin labarinta daga ƙauyukan wajen garin Sarkin Hausa. Yau a ce an rufe yaro a can, gobe a ce wata ta rasa idonta. Rahma ta daina barcin kirki, don ta san abu guda: manyan yaranta an yi musu allurar rigakafi, amma jarirai ba su kai watannin da ake yi musu ba. Ba abin da ke tsakaninsu da cutar sai ƙofar gidanta.

Sai ta tsare ƙofar. Ta ajiye buta da sabulu a zaure. Ta saya wa kowane yaro kofinsa. Ta hana rufe tagogi. Kuma kowace safiya ta tsaya da kanta tana tambayar duk uwar da ta zo:

"Ba zazzaɓi? Ba tari? Ido bai yi ja ba?"

Ran wata kasuwa amalanke ya tsaya a bakin ƙofa. Wani dattijon makiyayi ne, Baffa Sanda, da matar ɗansa Kadijatu, mai sayar da nono. Ta sauko da ɗanta Bube a goye, ɗan shekara biyu, yana barci.

Mata sun yi layi, kowa na sauri. Rahma ta ɗaga murya yadda ta saba.

"Kadijatu, yaronki lafiya yake? Ba zazzaɓi, ba tari?"

Kadijatu ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Baffa Sanda ne ya amsa daga kan amalanke.

"Lafiya lau yake, ɗiyata. Barci ne."

Rahma ta taɓa wuyan yaron ta ji ɗumi. Amma wa zai yi tafiya a ranar bazara, a goye, jikinsa ya yi sanyi? Ta karɓe shi. Jamila, mai taimaka mata, ta ga yana barci, ga manyan yara na ta hayaniya, sai ta kai shi ɗakin jarirai, ta shimfiɗe shi kusa da Aminatu.

Rana ta take, Rahma ta shiga shayar da ɗiyarta. Sai ta ji tari. Wani busasshen tari, wanda ba na jarirai ba.

Bube ya farka. Idanunsa jajur, sun yi kwantsa, hanci na zuba. Ta ɗora hannu a goshinsa ta janye da sauri. Ta juya kansa, ta ɗaga kunnen. Ga su nan, ƙananan ƙuraje, sun fara gangarowa wuya.

Aminatu kuwa na riƙe da gefen rigarsa tana tsotsa.

Jarirai huɗu ne a ɗakin, tun safe suke shaƙar iska ɗaya da shi. Rahma ta ɗauki Bube ta fita da shi ƙarƙashin itaciyar bedin da ke bayan gida. Ta sa Jamila ta fitar da jariran rumfa, ta aika a kira uwarsa. Sannan ta ɗauki salula ta kira Manjo Lamine, babban ma'aikacin gidan likita.

Manjo ya ce, "Madam, ki natsu. In dussa ce, akwai sauran dama. Jaririn da ya kai wata shida ana iya yi masa allurar yanzu, kuma in aka yi cikin kwana uku tana iya tare cutar. Amma sai na ga yaron da idona kafin in nemi a fito da ita. Kar ki bari su tafi da shi."

Labari ba ya zama wuri ɗaya a kasuwa. Kafin Kadijatu ta iso, iyaye sun cika zaure. A gaba akwai Madam Hadiza, malamar makaranta, wadda jaririnta ke cikin huɗun nan. Ta rungume shi tana huci.

Kadijatu ta shigo bayan surukinta. Aka nuna mata ɗanta a kwance ƙarƙashin bedi yana numfashi sama-sama. Ba ta ruga ba. Ba ta ma dube shi ba. Ta tsaya jikin bango ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Madam Hadiza ta ce, "Ku dube ta dai. Ɗanta na mutuwa, ita ko a jikinta. Ke, baiwar Allah, nono ya fi miki ɗanki? Kin kwaso mana cuta kin zube cikin 'ya'yanmu kin tahi cin kasuwa."

Wata ta ce, "Ai ta sani sarai. Ɓoyewa ta yi."

"A kira jandarma kawai," in ji wata.

Fuskar Baffa Sanda ta sauya. Ya wuce bayan gida, ya sunkuci jikansa ya saɓa a kafaɗa.

"Kadijatu, mu tahi. Ba a zage mu a gidanmu ba, ba za a zage mu a gidan wani ba. Muna da maganinmu."

Rahma na tsaye, maganganu masu ɗaci sun cika mata baki. Ita ma so take ta shaƙe Kadijatu ta tambaye ta laifin me Aminatu ta yi mata. Ta buɗe baki ke nan sai idonta ya sauka kan hannun yarinyar. Kadijatu ta damƙe bakin mayafinta, farcen ya shige naman tafinta har ya ja jini.

A nan ne Rahma ta tuna. Bube ɗan fari ne.

Ita kanta 'yar fari ce. Har innarta ta tsufa ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In ciwo ya kama ta, kakarta ke faɗa wa babanta. A gari an fara barin wannan kunya, amma a ruga tana nan da ƙarfinta. Ta yaya yarinya za ta buɗe baki a gaban uban mijinta ta ce ɗanta na fari ba shi da lafiya? Ita kuwa Rahma, a gabansa ta yi tambayar, da ƙarfi, mata na saurare.

Dattijo ya kusa fita zaure. In ya hau amalanken nan, sai daji. Manjo ba zai ga kowa ba.

Rahma ta sha gabansa ta durƙusa har ƙasa.

"Baffa, ka yi wa Allah ka tsaya. Gidana ne, abin da aka faɗa muku a nan ni na faɗa, ka yafe mini."

Madam Hadiza ta ce, "Rahma, kina da hankali kuwa? Ke ce za ki ba su haƙuri?"

"Hadiza, ki yi mini shiru, don girman Allah." Rahma ba ta ko waiwaya ba. "Baffa, ka ba ni ita kaɗan. Maganar mata ce."

Dattijon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kau da kai. Rahma ta ja hannun Kadijatu suka shiga ɗaki, ta saki labule. Ba ta ce ɗanki ba, ba ta kuma ambaci sunansa ba.

"Ƙanwata, jikan Baffa, tun yaushe jikinsa ya yi zafi?"

Kadijatu ta zame ta zauna a ƙasa. Kukan da ta riƙe tun safe ya ɓalle, ta cusa mayafi a baki don kar a ji a waje.

"Adda, tun shekaranjiya. Uwar mijina ta tahi biki, babanshi na wajen shanu. Wa zan gaya wa? Na ce in na kawo shi nan, ke mai ilimi ce, za ki gani da kanki, ki kai shi likita. Da kika tambaye ni, wallahi harshena ya yi nauyi. Ban san akwai jarirai ba. Ban san haka take kamu ba."

"Akwai wasu masu ciwon a ruga?"

"Uku. Ɗaya mun rufe ta jiya."

Rahma ta share hawayenta ta fito, ta sake durƙusawa gaban dattijon, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Baffa, irin ciwon wadda kuka rufe jiya ne. Jikanka na da sauran ƙarfi, in likita ya gan shi yau. Tawa ɗiyar ma tana hannunka. In ka tahi da shi, ba za a yi wa jariran nan allura ba."

Baffa Sanda ya dubi yaron da ke kafaɗarsa. Ya ce, "Ba wanda ya gaya mini."

"Na sani, Baffa. Kunyarka ta ji."

Dattijon ya gyara jikansa a kafaɗa. Can ya ce, "Ina ne gidan likitan?"

Manjo Lamine ya duba Bube, ya ce dussa ce, har ta fara taɓa ƙirji. Aka ba shi gado a ɗaki na dabam. Washegari aka yi wa jariran huɗu allura, aka bi manyan yaran ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowa ya samu tasa. Baffa Sanda da kansa ya hau bayan moto ya nuna wa ma'aikata hanyar rugarsu da rugagen da ke kewaye.

Rahma ta rufe garderi. Manjo ya ce sai an yi mako uku ba wanda ya kamu kafin a buɗe.

Waɗannan makonni ba za ta manta da su ba. Ko Aminatu ta yi atishawa sai gabanta ya faɗi. Tana shayar da ita tana leƙa bayan kunnenta, tana yi mata wanka tana duba wuya. Mijinta ya ce, "Za ki cire wa yarinyar nan kunne da dubawa." Ba ta yi dariya ba.

Cikin mako na biyu, da hantsi, ta taɓa Aminatu ta ji zafi.

Ba ta tsaya neman takalmi ɗaya da ya ɓace ba. Ta goya ta, ta tare ɗan kabu-kabu mai moto, tana salati har ƙofar likita. Manjo ya buɗe bakin yarinyar ya haska, ya duba ido, ya saurari ƙirji. Rahma na kallon fuskarsa.

Ya ce, "Ba tari, ido fes, baki fes. Na fi zaton zafin allurar ne, yakan zo a irin wannan lokaci. Ki ba ta nono sosai, ki dawo da ita gobe in sake gani."

Da ta fito ta iske Madam Hadiza a bakin ƙofa, ita ma da nata a goye, ido ya kumbura don kuka. Shi ma zafin ne. Suka zauna kan benci ɗaya. Can nesa, a gindin wata itaciya, Kadijatu na ba Bube kunu. Ya rame, fata na saɓa, amma da hannunsa ya riƙe kofin.

Madam Hadiza ta daɗe tana kallonsu. Ta ce a hankali, "Da an biye wa maganata ran nan, da sun tahi da yaron daji."

Ta tashi, ta gyara goyonta, ta taka har gindin itaciyar. Rahma ba ta ji abin da ta faɗa ba. Ta dai ga malamar makaranta ta rusuna tana gaida mai tallan nono.

Zafin Aminatu ya sauka washegari. Mako ukun suka cika. Cikin jariran huɗu ba wanda ya yi ƙurji ko ɗaya.

Darasi: Lokacin annoba, tsoro kan sa mu yi wa mai ciwo tsawa, tsawa kuwa ita ke sa a ɓoye ciwo har ya cinye na kowa. Ba duk mai shiru ce marar tausayi ba, wata kunya ce ta ɗaure mata baki. Masu renon yara, ku tambayi uwa a keɓe, cikin mutunci, ku kuma duba yaro da idonku kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa. Iyaye, yaro mai zazzaɓi gidan likita ake kai shi, ba cikin yara ba, kuma kar a yi wasa da allurar rigakafi. Surukai, ku riƙa tambayar lafiyar jikokinku, ku sauƙaƙa wa matan 'ya'yanku faɗa. Ku tura wannan labari ga duk uwar da kuka sani da duk mai riƙon 'ya'yan mutane, wataƙila a dalilinku wani yaro ya tsira.