Ranar da Na-Sani Ya Yi Shiru

Akwai wani kafinta da ake yi wa laƙabi da Na-Sani, domin ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba, sai ya katse ka da "na sani". Gwani ne a katako, mai son iyalinsa, amma kunnensa ado ne kawai.

Autansa, wanda suke aiki tare, ya faɗa shan maganin tari har ya zame masa jiki. Matar autan ta ɗauki jaririnta ta koma gidansu, ta ce sai ya daina za ta dawo. Na-Sani ya yi faɗa, ya fasa kwalabe, duk a banza. Tilas ya kai shi wurin wata likita mai jinyar masu shaye-shaye ta hanyar tattaunawa.

Likita ta dubi autan ta ce, "Yaushe ka fara sha?"

"Abokan banza ne," in ji Na-Sani.

"Me kake ji kafin ka sha?"

"Iskanci yake ji, likita. Na sani."

Ta yi murmushi ta ce, "Baba, akwai benci a waje."

Haka ya riƙa zaman benci mako bayan mako, yana ƙunƙuni: wace irin likita ce wannan, ba allura, ba ƙwaya, sai hira? Amma ya lura yaron ya fara cin abinci, don haka bai fasa kawo shi ba.

Wata rana likita ta kira shi ciki, da sharaɗin ba zai ce uffan ba sai ɗansa ya gama.

Autan ya sunkuyar da kai. "Baba, ranar da injin yanka katako ya cire wa Yaya yatsu, ni na kunna shi. Tun ranar nake tsoron ƙararsa. Sai na sha nake iya tsayawa kusa da shi. Na taɓa zuwa in gaya maka, ka ce ka sani, ragwanci ne."

Bakin tsohon ya buɗe kamar kullum, sai ya rufe. Kunya da tausayi suka kama shi.

"Wallahi ban sani ba," ya ce.

Bisa shawarar likita, aka mai da autan wajen gugar katako da fenti, tana koya masa matsar injin sannu a hankali. Ya taɓa zamewa ya sake sha, uban ya zauna ya saurare shi maimakon faɗa. Da aka kwana biyu matar ta dawo, jaririn har ya fara rarrafe. Yanzu in an kira kafintan Na-Sani, dariya yake ya ce, "Wannan tsohon suna ne."

Darasi: shaye-shaye yakan zama murfi ne a kan wani ciwo, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In naka ya faɗa ciki, kai shi wurin masana, kai kuma ka bari ya kai ƙarshen maganarsa.