Mutumin da Ya Durƙusa a Madadin Matarsa

Akwai wani mutum, manomin citta, da yake zaune a wani ƙauye a gindin dutse. An san shi da hali ɗaya, wato bai taɓa mayar da baƙo ba. Mutane suna yabonsa, shi kuwa yabon yana yi masa daɗi. Amma mai hura wutar, mai ɗebo ruwan, mai durƙusawa ta gai da kowane baƙo, ita ce matarsa, Maman Ayuba.

Wata rana tana shanya citta, sai ta dafe ƙirji, gumi ya keto mata, ta zube ƙasa. Aka garzaya da ita asibitin cikin gari. Likita ya ce bugun zuciya ne, Allah dai ya yi da sauran kwana. Ya kira mijin gefe ya ce, "Baba, magani namu ne, hutu kuwa naku ne. Kada ta yunƙura, kada ta yi doguwar magana."

Mutumin ya ce to. Ya shimfiɗa tabarma kusa da gadonta, ya kama jinya, shi da bai san inda ludayi yake kwana a gidansa ba. Ya dama kunu ya kawo mata. Ta kurɓa, ta dube shi.

"Baban Ayuba, wannan kunu ne ko ruwan wanke tukunya?"

"Sha kawai. Likita bai ce sai ya yi daɗi ba."

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa, dangi da maƙwabta da matan zumuntar coci cikin zannuwansu iri ɗaya. Duk wanda ya ce, "Sannu, yaya jiki?" sai ta lallaɓa ta tashi zaune ta ce da sauƙi, ta ba shi labarin ciwon tun daga farko, ta kuma tambayi yaransa ɗaya ɗaya. Mijin yana gefe yana murna, yana cewa mutane rahama ne. In an tarar tana barci, shi da kansa yake taɓa ƙafarta ya ce, "Tashi, ga mutanenmu."

Nas ta yi masa faɗa. Ya ce, "Sista, mutum ya taso tun daga ƙauye, in ce masa ya koma bai ga fuskarta ba? Da wane bakin?"

Ana nan sai ga wansa, babban gidansu. Tun ranar da aka kawo Maman Ayuba amarya ba ta taɓa gai da shi a tsaye ba, balle a kwance. Da ta ji muryarsa sai ta yaye bargo, ta sauko da ƙafafunta, ga allurar ƙarin ruwa a hannunta. Kafin gwiwarta ta kai ƙasa numfashinta ya sarƙe, leɓunanta suka yi fari. Ma'aikata suka rugo, aka tura maza waje, aka rufe ƙofa.

Mutumin ya tsaya a baranda. A nan ya tuna abin da idonsa ya gani amma zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Kafin ta sauko, ta riƙe ƙarfen gado ta dube shi, tana jiran ya ce mata ta kwanta abinta. Shi kuwa yana can yana goge wa Yaya kujera.

Da likita ya fito ya ce, "Wannan karon ta tsallake. Na gaba kam, ban yi maka alkawari ba."

Kashegari mutumin ya naɗe tabarmarsa, ya kai ta gindin mangwaron da yake bakin ƙofar ɗakin, ya zauna. Rana ta ɗan ɗaga sai ga wan nasa ya dawo.

"Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi, Yaya. Tana barci."

"To tashe ta in gan ta, in kama hanya."

"Ba zan tashe ta ba, Yaya."

Dattijon ya dogara sandarsa, ya ƙare masa kallo. "Kai? Ni da na goya ka? Ni da na kai kayan auren yarinyar nan da hannuna? Yau ka zama maigadin asibiti ke nan. To ina hularka da kulkinka?"

Masu jinya da suke wanki a bakin famfo suka ƙyalƙyale da dariya. Kunya ta rufe mutumin, ya ji kamar ya buɗe ƙofar a huta. Amma bai buɗe ba. Sai ya zube gwiwa biyu a ƙasa, da furfurarsa da komai, ya sunkuyar da kai yadda matarsa take yi.

"Ina kwana, Yaya. An zo lafiya? Yaya mutanen gida? Wannan gaisuwar Maman Ayuba ce. Har ta warke, da gwiwoyina za ta riƙa gaisuwa."

Dariya ta ɗauke. Dattijon ya ce, "Tashi mana, kana tara mini mutane." Ya zauna a bakin tabarmar, ya yi addu'a da murya ƙasa ƙasa, ya tafi ba tare da ya shiga ba.

Ba kowa ne ya gane ba. Waɗansu suka koma suna cewa birni ya koya masa wulaƙanci, waɗansu ba su ƙara zuwa ba. Maganar ta dawo kunnensa, ta kuma yi masa ciwo, amma bai tashi daga bakin ƙofar ba.

A ranar da wan nasa ya dawo ɗin, da ya shiga da kunu, matarsa ta buɗe ido ta ce, "Kamar muryar Yaya na ji."

"Shi ne."

Ta fara yunƙuri. "Wayyo, ban gai da shi ba!"

"Kin gai da shi, da kyau ma. Kwanta."

Ta dube shi, ta dubi ƙasar da ta maƙale a gwiwoyin wandonsa. Ta miƙa hannu ta kakkaɓe masa a hankali, ta koma barci.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, ƙauna takan sa mutum ya sauke girmansa domin wani ya rayu. Dubiya abu ne mai kyau, ladabi ma haka. Amma mutumin nan ya kusa rasa matarsa, ba don ya ƙi ta ba, sai don yana tsoron bakin mutane fiye da maganar likita. Sau da yawa sunan kirkin da ake yabonmu da shi, gwiwar wani ce take biyansa, mu kuwa muna ta kai da kawowa, ba mu taɓa tsayawa mun duba ba.

Haka Ubangijinmu ya yi mana. Ya ga nauyin da ba za mu iya ɗauka ba, ya sauko har ƙasa a madadinmu, aka yi masa dariya, bai fasa ba.

Saboda haka in ka je dubiya, ka gajarta, ka kuma tambayi mai jinya ko ya ci abinci. In kuwa naka ne a kwance, miji ko mata, kada ka jira sai ya roƙe ka hutu, gama kunya ba za ta bar shi ya roƙa ba. Ka dubi idonsa. Waɗanda suka yi fushi a bakin ƙofa za su huce wata rana, amma wanda yake kan gadon, in ya tafi, ba ya dawowa.