Ƙwan Zabuwa a Cikin Taguwa

Akwai wani manomi wanda matarsa take da zabuwa guda ɗaya tak. Tsohuwarta ce ta bar mata ita da za ta rasu. Da damina ta yi tsaka, muzuru ya kama zabuwar a bayan gida. Matar ta bi ciyawa tana hawaye, har ta tarar da gurbin da zabuwar ta ɓoye ƙwanta. Ta kwaso su a bakin zane.

Mijin kuwa irin mutanen nan ne da ba a faɗi abu bai ce ya sani ba. Ya ce, "Share hawayenki, Rahila. Ni da kaji ai tun ina rarrafe." Ya karɓi ƙwan ya cusa wa wata kaza da ta daɗe tana kwanci a kan nata.

To, ko yaron da ke bencin baya a majami'ar nan yana gyangyaɗi ya san ƙwan zabo ya fi na kaza daɗewa. Gwanin namu ne kaɗai bai sani ba. Ba a jima ba kaza ta ƙyanƙyashe nata, ta karkaɗe fiffike, ta ja 'yan tsakinta zuwa kiwo. Ƙwan zabuwa suka rage a akurki suna hucewa.

Mijin ya girgiza kai ya ce, "Baragurbi ne, sun lalace. Bari in kai su juji kafin su cika mana gida da wari."

Matar ta ce, "Maigida, dakata tukuna."

Ta zuba ruwa mai ɗumi a ƙwarya, ta sa ƙwan a ciki a hankali, ta tsaya har ruwan ya natsu. Ga shi kuwa, ƙwan suka fara motsi da kansu, ruwan yana rawa kaɗan-kaɗan. Ta ce, "Ka gani? Da rai a ciki."

Ta tsane su, ta cika tsohuwar tukunya da ƙaiƙayi, ta jera su, ta lulluɓe da tsumma, ta aje kusa da murhu. Safe da yamma tana juya su, tana taɓa su da kumatunta don ta ji zafin bai yi yawa ba. Mijin yana wucewa yana cewa, "Sannu da kwanci, uwar kaji! In kawo miki tsaba?"

Ran nan ta tafi kasuwa, sai hadari ya taso. Ruwa ya zubo ta rufin madafa, ya kashe wuta, ya jiƙa itace. Ta dawo da gudu. Ta tarar murhu ya yi sanyi, tukunya ba kome a ciki. Ta leƙa ɗaki, sai ga maigida zaune a kan tabarma, ya ƙudundune cikin bargo, ya rungume cikinsa, ƙwan duka suna cikin taguwarsa.

Ta ce, "Maigida, in kawo maka tsaba?"

Ya ce, "Yi magana a hankali, ɗaya yana ƙwanƙwasa mini cibiya. Kuma kada maƙwabta su ji."

Ba duka ne suka fito ba. Amma waɗanda suka fito sun rayu, gidan kuwa ya sake jin kukan zabi.

Ma'anar wannan misali ke nan. Ƙwan nan mutane ne, kuma Ubangiji bai sa wa kowa ranar ƙyanƙyashewa ɗaya ba. Wani yaro yakan haddace aya tun malam bai rufe baki ba, wani sai shekara ta zagayo yana lalube. Wani ya ba da gaskiya da ƙuruciya, wani sai da furfura. Kazar nan mu ne, sa'ad da muka kwashi masu saurin ganewa muka yi gaba, muka bar na baya cikin sanyi, sa'an nan muka ce sun lalace. Ɗumin tukunya kuwa shi ne haƙuri da ƙauna.

Ku lura da wannan kuma: mutumin da ya yi kuskuren, ya yi ba'ar, shi ne Allah ya sa ya ɗumama su a ranar da wuta ta mutu. Saboda haka kada wani ya ce shi bai isa ba.

Akwai wanda ya daina zuwa sujada, kowa a nan ya san sunansa, kowa kuma ya cire rai da shi. Yau in an tashi, wa zai biya ta gidansa?