Ranar da Aka Ɗora Jinkar Iya

Wata Asabar da hantsi, ana gab da faɗuwar damina, aka yi sallama a ƙofar gidan wani mutum. Mutumin nan manomi ne, baƙo a garin. Shekararsa uku da zuwa, amma ba mai kiransa da sunansa, sai dai "Baƙo". In ana gayya, daga nesa yake jin kiɗa. In ya bi ta dandali da yamma, akan amsa gaisuwarsa da kyau, amma ba mai matsa masa a kan tabarma. Ba wanda ya taɓa cutarsa. Mantawa kawai ake yi da shi, wannan kuwa ya fi yi masa ciwo.

Da ya fito, sai ya ga shugaban gayya ne da kansa.

Shugaban ya ce, "Baƙo, yau za mu ɗora jinkar ɗakin Iya, ka san kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Za ka zo?"

Iya ita ce mahaifiyar shugaban. Tsohon ɗakinta yana yoyo, shi ya sa ɗanta ya gina mata sabo da hannunsa, cikin gaggawa, don kada ruwa ya riga shi.

Mutumin ko hula bai tsaya ɗauka ba, ya bi shi.

Kafin ya zo garin nan, shi magini ne, ɗan magini. Ba wanda ya sani, domin ba wanda ya taɓa tambayarsa. Saboda haka da isarsa, bango idonsa ya fara kaiwa. Daga gabas, kusa da ƙofa, ya ga ɗanyen yaɓe siriri, daga tushe har sama. Ya danna da babban yatsa, yaɓen ya lotsa. A ƙarƙashinsa akwai tsaga wadda yatsa yake shiga. An yi ta ɗora tubali tun na ƙasa bai bushe ba. Nan da nan ya gane: bangon zai ɗauki busasshiyar jinka, amma ranar da ciyawa ta sha ruwa ta yi nauyi, ba zai ɗauka ba.

Ya juya zai yi magana. Maza goma sha ɗaya sun riga sun kewaye jinkar a ƙasa, suna ta barkwanci. Wani dogo yana tsokanar wani gajere.

"Kai, bara ma jinka ko taɓa kanka ba ta yi ba, amma ka fi kowa shan kunu!"

Gajeren ya ce, "To, wa ya ɗauki waƙa? Ka taɓa jin nauyinta?" Sai ya kamo hannun baƙon ya jawo shi. "Zo nan, namu. Tsaya kusa da ni ka ɗauki rabona."

Namu. Shekara uku kunnensa bai ji wannan kalma ba. Maganar da take bakinsa ta koma ciki. Ya ce a ransa, "Ranar farko da aka kira ni, in kushe aikin mai gida a gaban mahaifiyarsa? Mutanen nan duk sun zagaya ɗakin kafin in zo. Da akwai haɗari, da sun faɗa." Ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin jinka.

Wanda yake ƙarƙashin jinka ba ya ganin gabansa, ƙafar na kusa da shi kawai yake bi. Haka suka ɗaga, suka tafi da waƙa, suka ɗora. Iya ta sa musu albarka tana cewa, "Allah ya bar zumunci, 'ya'yana." Aka kawo kunu a ƙwarya ɗaya, ludayi ya zagayo har hannunsa. Ya sha, ya ƙudura zai sami shugaban a keɓe gobe. Kashegari aka matsa masa a kan tabarma. Bayan kwana biyu aka kira shi gayyar sharar gona. Kowace rana maganar sai ƙara nauyi take yi.

Ruwan farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Na uku ya kama tun safe, bai ɗauke ba har tsakar rana. Iya tana ciki tana ɓarar gyaɗar shuka, bangon gabas ya zube, jinka ta biyo shi. Aka ciro ta da rai, amma cinyarta ta karye.

Kashegari mazan suka taru a zauren shugaban don yin jaje. Wannan ya ce ruwan bana da ƙarfi ya zo. Wancan ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Daga cikin gida ana jin nishin Iya a hannun maɗori. Baƙon ya kasa jurewa, ya miƙe.

Ya ce, "Ba ruwa ba ne. Ni magini ne. Na ga tsagar, har na sa yatsana a ciki. Na yi shiru don kada ku daina kirana."

Ya tsaya yana jira a kore shi. Can sai dogon ya ce, "Ni ma na gani. Da na ji kowa shiru, na ɗauka ba kome."

Gajeren ya ce, kansa a sunkuye, "Ni da na gani, sai na ƙara ƙarfin waƙa."

Ɗaya bayan ɗaya, har mutum bakwai. Daga ƙarshe shugaban ya yi magana. "Ni na yaɓe ta da hannuna. Na ce a raina, in mutum ɗaya ya ce kada a ɗora, zan fasa. Na dudduba fuskokinku, kowa yana dariya."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: marmarin da mutumin ya yi na a ce masa "namu" ba zunubi ba ne. Allah ne ya halicce mu da yunwar zumunci, shi ya sa muke da ikkilisiya. Amma yunwar nan tana iya rufe bakin mai gaskiya. Akan yi haka a zumuntar mata, akan yi a ƙungiyar mawaƙa da taron matasa. Ana yi da wata wadda ba ta nan, ko a yanke shawarar da zuciyarka ta ƙi, ka duba dama da hagu, ka ga kowa shiru, kai ma ka yi shiru. Ba ka sani ba, na kusa da kai shirunka yake kallo. Watakila ma mai gida jira yake wani ya tsayar da shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mutanen garin ma suna da nasu alhakin. Wanda aka bari shekara uku a bakin tabarma, ranar da aka miƙa masa ludayi ba zai iya cewa kunun ya lalace ba. Mu duba bencinmu na baya, mu ga wa muka bari haka. Kai kuma da kake tsoron a daina kiranka, ka tuna Ubangiji ya riga ya kira ka da sunanka, ba kuwa mai ƙwace maka wannan wuri.

Da kaka ta yi, mazan suka rushe sauran bangon. Maginin ya sake ginin sahu sahu, yana barin kowane ya bushe. Iya ta shiga ɗakin tana dogara sanda, da sandar kuma ta ƙare kwanakinta.